Me Ya Sa Jamus Ba Ta da Birni Guda da Ya Danne Saura?

Wanda ya je Faransa bai taka Paris ba, mutane za su ce bai je Faransa ba. Haka Ingila take da Landan. Jamus kuwa ba a yi mata wannan hukunci. Berlin ce hedikwata kuma ita ce birni mafi girma, amma mutanenta ba su kai miliyan 4 ba a ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 83, wato ko kashi 5 cikin 100 ba su cika ba. Babban bankin ƙasa yana Frankfurt tare da filin jirgin saman da ya fi kowanne hada-hada. Kotun tsarin mulki tana Karlsruhe, tashar jiragen ruwa mafi girma tana Hamburg. BMW na Munich, Mercedes-Benz na Stuttgart, Volkswagen kuma na Wolfsburg, garin da mutanensa ba su kai 130,000 ba. Mai yawon buɗe ido ma haka zai tarar: abin kallon a warwatse yake, a garuruwa irin su Heidelberg da Bamberg da Weimar da Lübeck, kowanne da fadarsa da majami'arsa da tarihin da yake taƙama da shi. Wannan warwatsuwa tana da dalili, kuma wanda ya gane dalilin zai kalli garuruwan da wani ido dabam.

A fara da shimfiɗar ƙasar. Faɗin Jamus kusan murabba'in kilomita 357,000 ne, bai kai rabin Nijeriya ba, amma tana iyaka da ƙasashe 9: Denmak, Polan, Jamhuriyar Cek, Ostiriya, Siwizalan, Faransa, Luksambok, Beljiyom da Holan. Hawa uku ce. Arewa fili ne fetal, daga Holan har Polan babu tsaunin da zai tare ayari ko runduna. Tsakiya tuddai ne da dazuzzuka da kwaruruka, kowane kwari kamar duniyarsa dabam. Can kudu sai tsaunukan Alps, inda Zugspitze ya kai mita 2,962. Manyan koguna, Rhine da Weser da Elbe da Oder, duk arewa suke gangarawa, kowanne da hanyarsa, ba sa haɗuwa a wuri guda. Danube kuwa daga Baƙin Daji yake tasowa ya juya gabas har tekun Bahar Aswad. Saboda haka ɗan kasuwar Hamburg Ingila yake fuskanta, na Lübeck tekun Baltik, na Kolon (Cologne) Holan, na Regensburg Vienna, na Augsburg kuma ta mashigan Alps yake bi zuwa Italiya. Kowa da alƙiblar cinikinsa, babu kasuwa guda da ta zama dole kowa ya ci.

Rumawa ne suka fara ja wa ƙasar layi. A shekara ta 9 miladiyya ƙabilun Jamusawa ƙarƙashin Arminius suka halaka rundunonin Rum 3 a dajin Teutoburg, daga baya Rum ta haƙura ta tsaya a Rhine da Danube. Shi ya sa birane mafiya tsufa suke yamma da kudu: Kolon, Mainz, Regensburg, da Trier, inda ƙofar gari ta Rumawa mai suna Porta Nigra take tsaye tun wajen shekara ta 170. Lokacin da ake wanka a gidajen wankan Trier, wurin da Berlin take yau fadama ce da daji. Sai a ƙarni na 13 sunanta ya fara bayyana a rubuce.

Amma yanayin ƙasa kaɗai bai isa ya bayyana lamarin ba. Babban dalilin yana ga irin sarautar da Jamusawa suka yi kusan shekara 850. Daga naɗin Otto na Ɗaya a 962 zuwa 1806, suna cikin abin da ake kira Daular Rum Mai Tsarki, daular da ba ta taɓa samun hedikwata tsayayya ba. Sarkin sarakuna a farkon zamanin yawo yake yi daga fada zuwa fada da fadawansa, inda ya sauka nan ne gwamnati. Sarautar kuma ta zaɓe ce. Dokar 1356 ta tsayar da masu zaɓen sarki 7: manyan limaman coci na Mainz da Kolon da Trier, da sarakunan Bohemiya da Saxony da Brandenburg da Palatinate. Ta ce a yi zaɓe a Frankfurt, a yi naɗi a Aachen, sabon sarki ya yi zaman majalisarsa na farko a Nuremberg. Kowane mai neman sarauta sai ya saya da alkawari, alkawarin kuwa kusan kullum ɗaya ne: ba zai taɓa ikon waɗanda suka zaɓe shi ba. A daidai lokacin da sarakunan Faransa suke karya hakimansu suna janyo komai Paris, a Jamus hakiman ne suke ƙara ƙarfi.

Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan tsari ba. Kafin jihadi Kano da Katsina da Zazzau da Gobir harshe ɗaya suke yi, fatauci ya haɗa su, amma kowacce da sarkinta da ganuwarta da kasuwarta, kuma ba su daina gwabzawa ba. Jamus ta yi irin wannan zama, sai dai nata ya fi yawa ya kuma fi daɗewa.

Wurin da abin ya fi fitowa fili shi ne kwarin Rhine tsakanin Bingen da Koblenz. Tafiyar kilomita 65 ce kawai, amma akwai gidajen yaƙi na dutse wajen 40 a kan tuddai hagu da dama. Yau jiragen ruwa ne suke ratsawa da baƙi suna ɗaukar hoto. A zamaninsu kuwa da yawa daga cikinsu shingayen karɓar kuɗin fito ne. A Kaub akwai guda mai suna Pfalzgrafenstein, wanda aka fara ginawa wajen 1326 a kan wani ɗan tsibirin dutse a tsakiyar kogin. Fari ne, gabansa da tsini kamar goshin jirgi don ya tsage ruwa da ƙanƙara. Ana ja sarƙa a datse hanya, jirgi ba ya wucewa sai ya biya, wanda ya ƙi kuma akwai kurkuku a ƙasan ginin. Fatake da suka ɗauko kaya daga kudu zuwa Kolon haka za su yi ta tsayawa suna biya, shinge bayan shinge. Abin da yake burge baƙo a yau, shi ne abin da ya tsadar da gishiri da hatsi ga talakan wancan zamani.

A arewa 'yan kasuwa ne suka karɓi ragama. Ƙungiyar biranen Hansa, wadda Lübeck ke jagoranta, ta riƙe cinikin tekun Baltik da na Arewa, gishirin Lüneburg yana fita, kifi da fatu da katako suna shigowa. Da jan bulo suka yi gine-ginensu saboda filin arewa ba shi da dutse, shi ya sa ƙofar Holsten ta Lübeck da majami'un Stralsund da Wismar ba su yi kama da na kudu ba ko kaɗan. Hamburg da Bremen ba su taɓa sakin wannan 'yanci gaba ɗaya ba, har yau kowannensu jiha ce mai cin gashin kanta cikin jihohi 16 na tarayyar.

Sai addini ya zo ya ƙara tsaga abin da yake a tsage. Martin Luther ya fito da ƙorafe-ƙorafensa 95 kan cocin Katolika a Wittenberg a 1517, kuma abin da ya cece shi daga hukuncin Fafaroma da na sarkin sarakuna shi ne wannan rarrabuwar iko: sarkin Saxony ya ɓoye shi a fadar Wartburg, inda ya fassara Sabon Alkawari zuwa Jamusanci. Sulhun Augsburg na 1555 ya ce addinin sarki shi ne addinin talakawansa, ko Katolika ko Furotesta. Bai hana yaƙi ba. Daga 1618 zuwa 1648 rundunonin Suwidin da Faransa da Sifaniya da Denmak da na sarkin sarakuna suka mayar da ƙasar fagen fama. A Magdeburg kaɗai an kashe mutum wajen 20,000 a 1631, a wasu yankuna kuma yaƙi da yunwa da annoba sun ci fiye da rabin jama'a. Sulhun da aka ƙulla a Münster da Osnabrück ya bar ƙasar da masarautu da birane masu 'yanci wajen 300.

Daga wannan tokar ne yawancin abin da ake zuwa kallo ya fito. Kowane ƙaramin sarki yana so a san da shi, tun da ba shi da rundunar da zai ci maƙwabta, sai gasar ta koma gini da kiɗa da tara masana. Sarakunan Saxony suka ƙawata Dresden. Limaman da ke sarautar Würzburg suka gina fada tsakanin 1720 da 1744, suka ɗauko mai zane Tiepolo daga Venice ya yi musu zanen rufin matakala. Weimar gari ne na mutum wajen 6,000 sa'ad da marubuci Goethe ya sauka a 1775, amma ƙaramar fadarsa ta tara shi da Schiller da Herder, har garin ya zama cibiyar adabin Jamusanci. Marubucin da wani sarki ya kora, tafiyar yini guda ta ishe shi ya shiga ƙasar wani sarkin. Gadon wannan gasa ne ya sa Jamus take da gidajen opera wajen 80, da jami'o'i a ƙananan garuruwa irin su Heidelberg, wadda aka kafa a 1386, da Tübingen da Göttingen. Ina ganin wannan alheri ne na gaske, amma bai kamata a manta da wanda ya biya kuɗinsa ba. Manoma ne suka ɗauki nauyin fadojin da haraji, sarkin Hesse-Kassel kuwa har hayar samarin ƙasarsa ya ba Ingila su yi mata yaƙi a Amurka.

Wasu garuruwan ma talauci ne ya adana su. Rothenburg ob der Tauber, wanda hotonsa ya fi yawo a tallan yawon buɗe ido, birni ne mai 'yanci da wadata a ƙarni na 14. Rundunar Tilly, kwamandan ɓangaren Katolika a wancan yaƙi, ta ci shi a 1631, annoba ta biyo baya, hanyoyin ciniki suka kauce masa. Shekara 200 babu mai kuɗin da zai rushe tsohon gida ya gina sabo, sai garin ya tsaya cak yadda yake, har masu zane na ƙarni na 19 suka gano shi. A ranar 31 ga Maris 1945 bama-bamai suka ƙone wajen kashi 40 cikin 100 na tsohon garin. Wanda ya hau ganuwar yau zai bi wata siririyar hanya mai rufin katako, mutum biyu da ƙyar suke giftawa, gefe guda tagogin harbi, ɗaya gefen jajayen rufin gidaje. A jikin bangon an kafa allunan dutse bi da bi, kowanne da sunan wanda ya ba da gudummawar sake gini da adadin mitocin da kuɗinsa suka gyara. Da yawa sunayen Japanawa ne da Amurkawa. Hanyar nan da ake kira ta soyayya, daga Würzburg zuwa Füssen, wadda ta ratsa ta garin, a 1950 aka ƙirƙiro ta don a dawo da baƙi ƙasar da duniya ta gama ƙyama.

Napoleon ne ya rusa tsohuwar daular a 1806. Taron Vienna na 1815 ya bar ƙasashe 39, a 1834 aka fara janye shingayen kwastan tsakaninsu, sai Bismarck, firaministan Prussia, masarautar da Berlin ce hedikwatarta, ya haɗa su da yaƙe-yaƙe uku ƙarƙashin Prussia. An shelanta daular Jamus ranar 18 ga Janairu 1871 a fadar Versailles, cikin ƙasar Faransa da aka ci da yaƙi. A nan ne Berlin ta zama hedikwatar kowa, bayan Munich da Dresden da Stuttgart sun riga sun zama manyan biranen sarakunansu.

Gine-gine biyu da suka fi jan baƙi 'ya'yan wannan ƙarni ne, ko da yake kamannin tsohon zamani gare su. An aza harsashin babbar majami'ar Kolon a 1248, aiki ya tsaya, na'urar ɗaga dutse ta katako ta zauna a kan guntun hasumiyar fiye da shekara 400. Sarkin Prussia, wanda Furotesta ne, shi ya sa aka ci gaba da ginin wannan majami'a ta Katolika a 1842, aka kammala a 1880 da tsayin mita 157, don ta zama shaidar al'umma ɗaya. Neuschwanstein kuwa kishiyar haka ce. Sarkin Bavariya Ludwig na Biyu ya fara gina ta a 1869, shekara 3 bayan Prussia ta ci Bavariya da Ostiriya da yaƙi, ikonsa ya ragu. Ya gina fadar mafarki a kan tsauni, da ruwan famfo da na'urar ɗumama ɗaki a ciki, bai cika wata 6 yana kwana a cikinta ba ya rasu a 1886. Makonni kaɗan bayan rasuwarsa aka buɗe ta ga masu biyan kuɗin shiga.

Nan ne tarihin Jamus ya gamu da namu. Heinrich Barth, mai yawon binciken ƙasashe wanda aka sani da Abdulkarim, ɗan Hamburg ne, ya shiga Kano a 1851, ya je Katsina da Kukawa da Yola da Sakkwato. Gwamnatin Ingila ce ta ɗauki nauyin tafiyarsa, don a lokacin babu wata gwamnatin Jamus da za ta aike shi. Shekara 13 kacal bayan haɗewa, Bismarck ya tara ƙasashen Turai a Berlin, daga Nuwamba 1884 zuwa Fabrairu 1885, suka tsara ƙa'idojin mamayar Afirka ba tare da ɗan Afirka ko ɗaya a zauren ba. Jamus ta kama Kamaru da Togo da Namibiya da Tanganyika. Aka raba Adamawa, Yola ta faɗa hannun Ingila, Garwa da Marwa hannun Jamus. Mubi da Dikwa ma sun zauna ƙarƙashin Jamus, sai bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya da ƙuri'ar raba-gardama ta 1961 suka tabbata a Nijeriya. A Namibiya kuwa kisan Herero da Nama tsakanin 1904 da 1908 sai a 2021 gwamnatin Jamus ta amsa cewa kisan ƙare-dangi ne.

Lokacin da aka tattara iko wuri guda fiye da kowane zamani shi ne na Hitler. A Janairu 1934 ya rusa majalisun jihohi, komai ya koma Berlin. Abin da ya biyo baya sananne ne: yaƙin da ya cinye Turai da kisan Yahudawa miliyan 6. Yaƙin ya dawo gida ta sama. Hamburg ta ƙone a Yuli 1943, Dresden a Fabrairu 1945 inda mutum har 25,000 suka mutu, Würzburg kuma cikin minti 20 na daren 16 ga Maris aka lalata kusan kashi 90 cikin 100 na tsakiyarta, ko da yake rufin Tiepolo ya tsira. Saboda haka baƙo ya kamata ya riƙa tambaya, wannan tsoho ne ko sake gini? Bamberg da Regensburg da Heidelberg sun tsira da akasarin gine-ginensu. Nuremberg da Münster sake gina su aka yi bisa tsohon fasali. Unguwar "tsohon gari" da ke tsakanin majami'a da dandalin Römer a Frankfurt a 2018 aka buɗe ta.

A ganina wanda ya fi gaskiya cikin waɗannan ayyuka shi ne na majami'ar Frauenkirche ta Dresden. Ta rufta kwana biyu bayan harin, da aka raba ƙasar biyu bayan yaƙi kuma gwamnatin Jamus ta Gabas ta bar tulin duwatsun a tsakiyar gari shekara 45. Bayan haɗewar Gabas da Yamma a 1990 aka tono su ɗaya bayan ɗaya, aka sa wa kowanne lamba, aka binciko inda yake a da. Daga 1994 zuwa 2005 aka sake gini, duk dutsen da zai yi amfani aka mayar da shi gurbinsa. Tsofaffin baƙaƙe ne, sababbin kuwa launin rairayi, shi ya sa bangon ya fito dabbare-dabbare, mai kallo yana ganin abin da ya tsira da abin da aka cike. Irin wannan ƙin ɓoye tabo yana ko'ina. A bakin ƙofofin gidaje ana kafa 'yan allunan tagulla masu faɗin tafin hannu, kowanne da sunan wanda 'yan Nazi suka ɗauke daga gidan da ranar da aka tafi da shi. Daga Weimar ta Goethe kuma motar haya ta cikin gari ce take kai mutum sansanin Buchenwald, inda mutum wajen 56,000 suka mutu.

Bayan 1945 rarraba iko ya zama zaɓi da gangan. Ƙasashen da suka ci yaƙi sun soke Prussia a 1947. Tsarin mulkin 1949 na Jamus ta Yamma ya danƙa makarantu da 'yan sanda ga jihohi, ya kuma haramta duk gyaran da zai soke tsarin tarayya. Aka zaɓi Bonn, ƙaramin gari a bakin Rhine, ya zama mazaunin gwamnati. Katangar Berlin ta tsaya daga 13 ga Agusta 1961 zuwa 9 ga Nuwamba 1989, aka haɗe ranar 3 ga Oktoba 1990, amma da aka zo ƙuri'ar mayar da gwamnati Berlin a Yuni 1991, da ƙyar ta sha: 338 da 320. Har yanzu ma'aikatu 6 babban ofishinsu yana Bonn, daga can ne kuma Sashen Hausa na DW yake watsa shirye-shiryensa.

Tsarin yana da tsadarsa. Iyalin da suka tashi daga Bremen zuwa Munich sai yaransu su tarar da wata manhajar karatu dabam. Jihohi masu arziki suna tallafa wa marasa ƙarfi, Bavariya ce ke biyan kusan rabin kuɗin, Berlin ce ta fi karɓa, har Bavariya ta sake kai ƙara kotun tsarin mulki a 2023, alhali ita ma har shekarun 1980 karɓa take yi.

Inda warwatsuwar arzikin ba ta kai ba shi ne gabas. Gwamnatin kwaminis ta soke jihohi a 1952, ta bar tsofaffin unguwanni suna ruɓewa tana gina dogayen gidajen kankare a bayan gari. Quedlinburg, mai gidajen katako da yumɓu fiye da 1,000, rashin kuɗin rushewa na cikin abin da ya cece ta, a 1994 ta shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO. Görlitz, a bakin kogin Neisse, rabinta na gabas ya koma Polan a 1945. Yaƙi bai taɓa akasarin gine-ginenta ba, bayan haɗewa aka gyara su titi bayan titi, har wani da bai taɓa bayyana sunansa ba ya riƙa aiko wa garin mark miliyan 1, kuɗin Jamus na lokacin, daga baya kwatankwacinsa a yuro, kowace shekara daga 1995 zuwa 2016. Kamfanonin fim na duniya suna zuwa ɗaukar fim a titunanta. Amma garin da ya kai mutum wajen 100,000 a 1950 yanzu wajen 55,000 suka rage, don masana'antun sun rufe bayan 1990, samari da 'yan mata sun tafi yamma neman aiki. Cikin manyan kamfanoni 40 na kasuwar hannun jari ta Frankfurt, babu ko ɗaya da hedikwatarsa take cikin jihohin gabas 5, in aka cire Berlin.